Haƙƙin Iyaye da Bashin Jikoki a Ƙagaggun Labaran Kimiyya na Sinawa

A shekarar 2000, mujallar ƙagaggun labaran kimiyya da ake bugawa a birnin Chengdu ta fitar da wani labari na Liu Cixin, injiniyan da a lokacin yake aiki a tashar wutar lantarki ta Niangziguan da ke lardin Shanxi. A cikin labarin, masana sun gano cewa rana ta kusa kumbura ta ƙone duniya, don haka babu makawa sai ’yan Adam sun yi ƙaura. Wanda ya saba da irin waɗannan labarai daga Turai da Amurka zai zaci kumbo za a ƙera, a zaɓi ’yan tsirarun mutane a zuba a ciki, sauran kuwa a bar su su jira ajali. Mutanen Liu sun yi wani abu dabam. Sun kafa injuna 12,000 a doron ƙasa, suka tsayar da juyawar duniya, suka koma zama a biranen ƙarƙashin ƙasa, sannan suka tunkuɗa duniyar ɗungurungum zuwa ga wani tauraro, tafiyar da za ta ci shekara 2,500, wato zuriya 100 za su shuɗe kafin a isa masauki.

Tun ranar da na karanta wannan labari a fassararsa ta Ingilishi nake juya abu guda a raina, wato dalilin da zai sa marubuci ya ga cewa mutumin da gobara ta taso wa ya fi dacewa ya ɗauki gidansa a ka ya gudu da shi. Labarin ya ba da hujja ta kimiyya, inda malamar makaranta ta nuna wa ɗalibanta cewa ƙaramin muhalli da aka rufe a cikin ƙwallon gilashi ba ya daɗewa yake mutuwa, kuma kumbo komai girmansa ƙwallon gilashi ne idan aka gwada shi da duniya. Amma hujjar kimiyya ba ta isa ta bayyana yadda Sinawa suka rungumi labarin ba. Masanin zamantakewa Fei Xiaotong ya taɓa ba da labarin cewa a karon farko da zai fita ƙasar waje, matar da ta rene shi ta cusa masa wani ƙulli na jar takarda a ƙasan akwati, ta ce idan ruwan baƙuwar ƙasa bai karɓe shi ba, ko kewar gida ta dame shi, ya dafa kaɗan ya sha. Ƙasar murhun gidansu ce a cikin ƙullin. Al’ummar da ke yi wa ɗanta guzurin ƙasar murhu ba za ta sha mamaki ba idan aka ce mata za a yi ƙaura da duniya sukutum.

Akwai kuma tsohon labarin Yu Gong da ke cikin littafin Liezi, wanda kowane ɗan makaranta a Sin ya sani. Dattijo ne da ya doshi shekara 90, duwatsun Taihang da Wangwu sun tare masa hanya, sai ya tara iyalinsa suka fara haƙa suna kwashewa. Da wani mai ganin kansa da wayo ya yi masa dariya, sai ya amsa cewa idan ya mutu ’ya’yansa na nan, bayansu jikoki, bayansu tattaɓa kunne, zuriya ba ta ƙarewa, dutse kuwa ba ya ƙara tsawo. Tashar da Liu Cixin ya yi aiki a cikinta tana tsakiyar duwatsun Taihang ɗin ne, kuma injunan labarinsa duwatsu suke ci a matsayin makamashi.

Ra’ayina a kan wannan batu shi ne cewa al’adar Sinawa tana shiga waɗannan labarai ta ƙofar haƙƙi. Masu tallar littattafai sun fi son nuna dodo mai siffar maciji da jajayen fitilu a bango, amma wannan ado ne da kowa zai iya mannawa. Abin da ya fi wuyar aro shi ne tambayar da labarin yake yi idan masifa ta zo: wa ke bin wa bashi, me ɗa zai yi wa uba, me mai rai zai bar wa wanda ba a haifa ba tukuna, kuma wa za a sadaukar idan ba za a iya tsirar da kowa ba. Na kuma lura cewa labaran da suka fi tsayawa a rai su ne waɗanda suka ja da al’adar, suka gwada ta a wuta, maimakon su tsaya yi mata kirari.

Wannan nauyi yana tare da irin wannan adabi tun ranar da ya shigo ƙasar. Bayan kashin da Sin ta sha a hannun Birtaniya a yaƙin ofiyom na 1839 zuwa 1842, da wanda ta sha a hannun Japan a 1895, masu ilimi sun yi ta neman inda aka kuskure. Liang Qichao, masani mai rajin gyaran mulki, wanda ya yi gudun hijira zuwa Japan bayan rushewar yunƙurin gyara na 1898, ya kafa mujallar ƙagaggun labarai a 1902, yana mai cewa duk mai son sabunta jama’ar ƙasa sai ya fara sabunta labaran da suke karantawa. Labarin da ya fara rubutawa a ciki, wanda bai kammala ba, ya hango Shanghai a 1962 tana karɓar baƙuncin babban baje koli na duniya, kuma wanda aka ɗora a kan mumbari ya ba da tarihin yadda ƙasar ta farfaɗo wani ne daga zuriyar Konfushiyas, babban malamin tarbiyya na Sin ta dā. A 1903 marubuci Lu Xun ya fassara labarin Bafaranshe Jules Verne na tafiya zuwa wata daga fassarar Japananci, da niyyar wayar da kan jama’a. Ke nan tun farko an ɗora wa labarin kimiyya aikin da tsofaffin malaman Sin suka ɗora wa kowane rubutu, wato ya ɗauki tarbiyya ya kai wa mutane. Hakan ya ba shi daraja, ya kuma jawo masa sa ido: an daina buga shi a zamanin juyin juya halin al’adu na 1966 zuwa 1976, ya farfaɗo a 1978, sannan a 1983 aka sake far masa da sunan yaƙi da gurɓatar tunani. Mujallar Chengdu, wadda aka kafa a 1979, tana cikin ƙalilan da suka tsira.

Inda na fi ganin hannun Konfushiyas ƙarara shi ne wani labarin Liu Cixin na 2005 a kan ɗaukar ɗawainiyar mahalitta. Wata rana jiragen sama jannati fiye da 20,000 suka kewaye duniya, sai tsofaffi biliyan 2 masu farin gemu suka sauko, suna cewa su ne suka shuka rayuwa a doron ƙasa tun fil azal, yanzu kuwa wayewarsu ta tsufa, jiragensu sun lalace, sun manta yadda ake gyara su, suna roƙon a ba su wurin kwana da abinci. Gwamnatoci suka raba su gida gida, tare da ɗan alawus, su kuma suka miƙa iliminsu a matsayin tukwici. Marubucin bai tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ba, sai ya kai mu wani gida a ƙauye. Da farko an karɓi tsohon hannu bibbiyu. Da aka gano cewa ilimin da suka kawo ya fi ƙarfin fahimtar masanan zamani, kuma alawus ɗin bai taka kara ya karya ba, sai fuska ta canza. Matar gida ta fara yi masa gori a kan abin da yake ci, ana yi masa tsawa idan ya yi mantuwa irin ta tsufa, har dai tsofaffin suka tattara suka koma jiragensu.

Babu mai karatun da ya girma a gidan da ake riƙon tsoho da zai karanta wannan bai ji kunya ta kama shi ba. A cikin zantukan Konfushiyas, wani almajiri ya tambaye shi ma’anar biyayya ga iyaye, sai ya ce mutanen yanzu suna ganin ciyar da iyaye shi ne biyayya, alhali karnuka da dawaki ma ana ciyar da su, to idan babu girmamawa ina bambancin? Liu ya ɗauki wannan tambaya mai shekara kusan 2,500 ya faɗaɗa ta har ta game ’yan Adam baki ɗaya. Ya kuma rubuta ta a ƙasar da dokar haihuwar ɗa guda, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, ta bar matasa da yawa suna ɗauke da iyaye biyu da kakanni huɗu, kuma miliyoyin ’yan ci rani suka bar tsofaffi a ƙauye suka tafi masana’antun bakin teku. Abin ya kai ga a 2013 doka ta wajabta wa ’ya’ya su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi. Ranar da hukuma ta ga sai ta rubuta zumunci a kundin doka, wani abu ya riga ya tsinke a gida, kuma labarin ya hango tsinkewar shekara takwas kafin dokar.

Xia Jia, marubuciya kuma malamar jami’a, ta kalli wannan matsala da ido mai taushi. A wani labarinta da aka ba da ta idon ƙaramar jika, kakan yarinyar, tsohon likita mai taurin kai, ya ji rauni ya dawo gidansu, aka kawo masa mutum-mutumi mai jinya wanda wani saurayi ke sarrafawa daga nesa. Tsohon ya tsani zaman a yi masa, domin ya shafe rayuwarsa yana yi wa wasu. Abin da ya dawo masa da walwala shi ne ranar da ya karɓi na’urar sarrafawar da kansa, ya riƙa jinyar wani abokinsa tsoho daga kan kujerarsa, har abin ya bazu tsofaffi suka shiga kula da juna. Na fi son wannan labari fiye da yawancin labaran mutum-mutumi da na sani, domin bai ɓata lokaci a kan ko na’ura za ta yi tawaye ba. Damuwarsa ita ce mutuncin tsoho, kuma ya fahimci cewa girmamawar da Konfushiyas ya ambata ta haɗa da barin tsoho ya ci gaba da amfanar mutane.

Haka darajar malami take a labarin Liu na 2001, inda malamin ƙauye da ciwon daji ya ci ƙarfinsa ya tara ɗalibansa a daren mutuwarsa ya sa su haddace dokokin motsi guda uku na masanin kimiyya Newton, ko da ba su fahimta ba. A daidai lokacin, wata runduna daga can tsakiyar taurari tana share taurari bayan dogon yaƙi, tana barin waɗanda ta samu masu wayewa a kewayensu kawai. Yaran nan aka ɗauka a matsayin samfurin mutanen duniya, kuma haddar ce ta tsirar da rana da duniya. Baƙin sun yi mamakin halittar da ba ta gadon ilimi a jini, sai dai wani ya tsaya tsakanin zuriya biyu ya miƙa shi da baki. Yaran ba su san abin da ya faru ba, gari na wayewa suka haƙa kabari suka binne malaminsu.

Tafarkin Dao kuwa, wato tsohuwar falsafar Sinawa mai koyar da bin ɗabi’ar halitta da sauƙin rayuwa, ta wata kusurwa yake shigowa, kuma shi ne ke hana waɗannan labarai zama waƙar yabon ci gaba zalla. A littafin Zhuangzi an ba da labarin Zigong, almajirin Konfushiyas, da ya tarar da wani dattijo yana ban ruwan lambu, yana sauka rijiya da tulu yana fitowa, wahala mai yawa amfani kaɗan. Sai ya ba shi shawarar wata na’ura ta itace, baya da nauyi gaba ba nauyi, wadda za ta shayar da fangali ɗari a yini. Jigo ke nan, irin wanda na gani ina yaro a fadama kafin injin ban ruwa ya kore shi: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta, mutum ya danna ta nutse, ya saki ta taso da kanta. Dattijon ya ɓata rai ya ce malaminsa ya koya masa cewa mai na’ura ba ya rabuwa da hidimar na’ura, mai hidimar na’ura kuwa zuciyarsa na’ura take komawa, kuma ba rashin sanin jigon ne ya hana shi ba, kunyar amfani da shi yake ji. Ban yarda da dattijon a kan jigo ba, domin na ga bayan da ya sunkuya saboda ɗaukar ruwa. Amma tsoron da ya ambata, na zuciya ta koma na’ura, shi ne jigon rabin labaran kimiyyar da ake rubutawa yau, kuma Sinawa sun same shi a rubuce fiye da shekara 2,000 kafin kwamfuta.

Labarin Liu na 2003 a kan gajimaren waƙoƙi ya fito daga wannan tsatso. Wata halitta mai fasahar da ta kai matuƙa ta ci karo da tsohuwar waƙar Sinawa, ta ƙudura sai ta fi Li Bai, shahararren mawaƙin daular Tang. Ta yi wa kanta jikin mutum, ta ɗauki sunansa, ta yi yawon duwatsu da koguna kamar yadda ya yi, amma ta kasa. Sai ta koma ga ƙarfi: ta sa a jera haruffan Sinanci ta kowace fuska da za su iya jeruwa, yadda duk waƙar da aka taɓa yi da wadda za a yi nan gaba za ta kasance a ciki, aka rushe rana da duniyoyin da ke kewaye da ita don gina rumbun ajiya. Da aka gama, sai ta rasa manhajar da za ta tsamo mata waƙoƙin kirki daga cikin tarin. An rubuta wannan shekara 20 kafin manhajojin da ke tsara baiti cikin daƙiƙa su zama ruwan dare, kuma har yanzu ban ga wanda ya faɗi matsalar da kyau kamar haka ba.

Akwai masu cewa duk wannan karatu ne da muke ɗora wa labaran daga waje, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Liu Cixin da bakinsa ya sha faɗin cewa Arthur C. Clarke, marubucin labaran kimiyya ɗan Birtaniya, shi ne ya buɗe masa ido, kuma marubutan zamanin 1950 daga Tarayyar Sobiyet suka koyi sana’ar. Ken Liu, wanda ya fassara da yawa daga cikin labaran nan ya tara su a kundin 2016, ya gargaɗi masu karatu da kada su matse marubuta masu bambancin ra’ayi a cikin akwati guda don kawai ƙasarsu ɗaya. Na karɓi gargaɗin. Ƙasa mai mutum fiye da biliyan 1.4 ba ta da zuciya guda, kuma Chen Qiufan da ke rubutu a kan sharar kayan lantarki da matasa marasa aiki ba tafiyarsu ɗaya da Liu Cixin ba. Sai dai aro ba ya kore asali. Clarke ya ba Liu girman sararin samaniya, amma bai ba shi matar gidan da ke yi wa mahalicci gorin abinci ba.

Abin da ya fi damuna dabam ne, kuma yana cikin labarin ƙaurar duniya da na fara da shi. Wanda ya kalli fim ɗin da aka yi da shi a 2019 zai fita da labarin uba da ɗa da bikin sabuwar shekara da haɗin kan al’ummai. Rubutaccen labarin ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. A cikinsa tsoron halaka ya busar da soyayya har ta zama abin da ba a damu da shi ba. Da narkakken dutse ya ɓarke cikin birnin ƙarƙashin ƙasa, doka ta jera mutane bisa shekaru, yara a gaba tsofaffi a baya, kuma mahaifiyar mai ba da labarin tana cikin waɗanda layi bai kai kansu ba. Wannan kifar da koyarwar Konfushiyas ne ƙafa a sama, an biya bashin jikoki da ran iyaye. Daga baya jama’a suka yi zargin cewa rana lafiyarta ƙalau, yaudararsu aka yi, suka yi tawaye, suka tsayar da mutum 5,000 na ɓangaren hukuma a kan ƙanƙarar teku, suka cire musu abin ɗumama jiki har sanyi ya kashe su. Suna cikin murna rana ta yi bindiga. Ina jin tsoron darasin da mai mulki zai iya ɗauka a nan, wato cewa masana da hukuma ne ke da gaskiya ko da yaushe, talaka kuwa gara ya yi shiru ya bi layi. Labarin Yu Gong ma Mao Zedong, jagoran ’yan kwaminisancin Sin, ya ɗauke shi a jawabinsa na 1945 ya mai da shi taken siyasa, kuma tunanin da ke sa mutum ya shuka itacen da ba zai sha inuwarsa ba shi ne dai ake amfani da shi a ce masa ya haƙura da zaluncin yau saboda zuriya ta ɗari. Ina ganin wajibi ne mai karatu ya riƙe sha’awar da tsoron tare, domin marubucin da ya rubuta layin tsofaffin nan ya san abin da yake nunawa.

Hao Jingfang ce ta kai wannan haƙuri inda ya fi ciwo, a labarinta na birnin Beijing mai naɗewa, wanda ya ci lambar Hugo, babbar lambar yabo ta labaran kimiyya, a 2016, shekara guda bayan Liu Cixin ya ci tasa. Ta karanta kimiyyar fiziks da tattalin arziki a jami’ar Tsinghua, kuma birnin da ta zana lissafi ne tsagwaronsa. An gina shi yana naɗewa yana juyewa, an raba sa’o’i 48 tsakanin aji uku: mutum miliyan 5 suna da sa’a 24 cur, miliyan 25 suna da sa’a 16, miliyan 50 kuwa suna da sa’a 8 na dare, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, sauran lokacin a sa su barci. Duk wanda ya san tsarin rajistar mazauni da aka kafa a 1958, wanda ke hana ɗan ƙauye cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a birnin da ya gina da hannunsa, ya gane abin da ake nufi.

Jarumin labarin, Lao Dao, mai shekara 48, ma’aikacin tantance shara ne a aji na uku. Ya yi kasadar tsallaka iyaka da wasiƙar wani ɗalibi zuwa aji na farko, laifin da zai iya kai shi kurkuku, don ya sami kuɗin sa yarinyar da ya tsinta yake reno a makarantar yara mai koyar da kiɗa da rawa. A can ya ji wani mutum yana ba wani babban jami’i shawarar a kawo na’urar da za ta riƙa sarrafa shara da kanta, jami’in ya ƙi, domin miliyoyin masu aikin shara za su rasa abin yi. An ƙi jigon a nan ma, sai dai dalilin ya sha bamban da na dattijon lambu, kuma Lao Dao ya fahimci cewa aikin da ya ba rayuwarsa an bar masa shi ne kawai don an rasa inda za a kai shi. Bai tara jama’a ba, bai fasa injin da ke naɗe birnin ba. Wasu masu karatu sun ga wannan a matsayin gazawar labarin, ni kuwa a nan na ga gaskiyarsa, domin mutanen da ke cin ɗaci saboda ’ya’yansu, kamar yadda Sinawa ke faɗa, sun fi masu tawaye yawa a kowace ƙasa, kuma ba kasafai ake ba su labari nasu na kansu ba. Ya dawo da rauni a ƙafa da kuɗin a jikinsa, ya raba wata rigimar kuɗin haya tsakanin maƙwabtansa da takarda guda daga ciki, ya tsaya a kan gadon yarinyar yana kallonta, sannan ya duba lokaci ya ga lokacin tafiya aiki ya yi.